Madara ba ta wanke huhu

Hunturu na shigowa a Kauru lokacin casar masara, ƙurar ƙaiƙayi ta haɗu da hazon da iska ke kwasowa tun daga Bodele a ƙasar Chadi. A Kafanchan kuma masu jibgar busasshiyar citta a buhu su wuni suna atishawa. Daga nan tsohuwar shawarar ta dawo: wai in an tashi aiki a sha gwangwanin madara, za ta wanke ƙurar daga ƙirji. Har masu injin niƙa suna saya wa yaransu, suna ganin sun sauke nauyi.

Madara ciki take tafiya. Hanyarta daban, hanyar numfashi daban, kuma da ɗigo ɗaya zai kauce zuwa huhu, shaƙewa mutum zai yi. Sanyin da ake ji a maƙoshi gaskiya ne, amma iyakarsa ke nan.

To ina ƙurar take zuwa? Masana sun daɗe suna bin sawunta a kwamfuta. A 1963 Ewald Weibel, ɗan ƙasar Suwizalan, ya tsara yadda hanyar iska ke rabuwa gida biyu-biyu har kusan sau 23. Yanzu hoton ƙirji ake ɗauka a gina kwatankwacinsa, a saki dubban ƙwayoyin ƙura a bakin hanci, kwamfuta ta lissafa inda kowace za ta maƙale. Manya, masu wuce maikiron 10, galibi a hanci da maƙogwaro suke tsayawa, kamar tirela mai lodi da ta shigo kwana da gudu ta kasa juyawa. Ƙanana, ƙasa da maikiron 2.5, sukan bi iska har can ƙurya. Kaurin gashin kai, don a kwatanta, wajen maikiron 70 ne.

Lissafi mafi sauƙi shi ne a tura iska ciki ba tsayawa, amma ba haka mutum yake numfashi ba. Yakan ja kusan rabin lita, ya fitar, sau 12 zuwa 20 a minti. Shi ya sa ake sa kwamfuta ta zuba sabuwar ƙura a kowane ja, ta kuma riƙe lissafin wadda ta rage daga na baya. A nan abin yake: huhu ba ya taɓa fitar da iskarsa duka. Wata ƙwayar tana nan tana shawagi lokacin da fitarwa ta ƙare, ja na gaba ya ƙara tura ta ciki. Wadda ta tsaya a sama majina ke tattarowa a kakaro ta. Wadda ta kai ƙurya kuwa tana iya yin watanni, kuma hayaƙin itacen girki yawancinsa irin wannan ne.

A 2020 an cika gari da wa'azin takunkumi saboda korona. Cutar na lafawa hukumomi suka yi shiru, alhali mai injin niƙa yana shaƙar gari kullum a ɗaki marar taga. Ƙyallen da yake ɗaurawa yana tare manyan ne kawai. Takunkumin N95, in ya zauna daram a fuska, yana tare kashi 95 cikin 100 na ƙananan, kuma fitar da injin waje ko fasa taga ya fi katan ɗin madara amfani.