Akori-kura: yadda Burazil ta mayar da motar Amurka tata

Wanda ya san hanyoyin Jajaye da sauran ƙauyukan Rogo da Ƙaraye da kaka ya san akori-kura. An jera buhunan masara har sun haura kan direba, an tamke da igiya, yaron mota na zaune a can ƙoli, sifirin baya ya miƙe sambal don nauyi. Shekaru da dama Peugeot ce ke wannan bauta, 404 da 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan ya fara aiki a 1975.

Manomin Burazil ma yana da tasa, sai dai ita sunan Amurka gare ta: Ford ko Chevrolet. Sunan kawai. A 1956 gwamnatin Shugaba Kubitschek ta gindaya wa kamfanonin mota sharaɗi: wanda ke son kasuwar Burazil, to ya ƙera mafi yawan sassan motarsa a cikin ƙasar. Suka bi. Da man fetur ya yi tsada, aka kafa doka a 1976 wadda ta hana ƙananan motoci shan gas, sai mai ɗaukar kilo 1,000 zuwa sama. Ford ta fito da F-1000 a 1979, lambar ma daga wannan nauyi aka samo ta, aka ɗora mata injin gas na MWM da ake yi a can. Chevrolet ta sa wa D-10 injin Perkins, sannan D-20 ta biyo baya a 1985. Ba'amurke in ya gan su zai gane fuskar, amma in ya ɗaga bonet sai ya tarar da injin da bai saba gani ba. An daina ƙera su tun kafin 2000, amma har gobe suna jigila a gonaki, domin kowane bakaniken ƙauye ya san cikinsu, kayan gyara kuma ba a jiran jirgin ruwa ya kawo.

Mu fa? Mun haɗa mota, ba mu mallake ta ba. Galibin muhimman sassa daga Faransa suke zuwa, da darajar naira ta faɗi sai aikin ya yi ta ja baya, har gwamnatin tarayya ta sayar da kasonta na PAN a 2006. Yau mai tsohuwar 504 in giyarsa ta lalace sai ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano neman na hannu, kuma ƙwazon bakanikenmu ne kaɗai ya hana waɗannan motoci komawa hannun 'yan gwangwan.

Saboda haka mai niyyar sayen motar lodi da kuɗin amfanin gonarsa, kada kyan fenti ko sunan kamfani ya ruɗe shi. Ya fara zuwa garejin da ke kusa da shi, ya tambayi bakanike ko ya taɓa kwance irin injinta, da kuma inda ake samun kayanta.