Bayani A Kan Rawar Ƙafar Babur Da Maganinta

Tun da aka buɗe masaƙar Kakuri a shekarar 1957, ƙetaren Kogin Kaduna ya zama matattarar ma'aikata da 'yan kasuwa, daga Makera har Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha. Da fari keke ne abin hawan leburori, kana babur ya biyo baya. Yau ɗan tireda shi yake ɗora wa buhun masara, malami kuma shi yake hawa zuwa wurin karatu, wani lokaci da yaro a gaba, yaro a baya. Abin da ke ɗaukar rayuka haka, lalle ya cancanci a san illarsa, mafi munin illar kuwa rawar ƙafa.

Alamarta ita ce kan babur ya riƙa kaɗawa a hannu, ko gindinsa ya riƙa lilo. Mutane da dama sukan ce ai laifin hanya ne, su ci gaba da tafiya. Wannan ganganci ne, gama rawar da ke ƙarama a lungun unguwa, ita ce ke kayar da mutum a kan gada, motoci na bisa duga-dugansa.

Bakanike mai hankali ba ya fara kwance kome. Sai ya kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, taya na reto, ya duba iska tukuna, don taya mai ƙarancin iska yakan kawo lilo, a ɗora wa ƙarfe laifi alhali ba ruwansa. A jikin taya akwai wani siririn zane da ya kewaye shi kusa da bakin gare. In zanen ya nutse a wani gefe ya fito a wani, mai faci bai zaunar da taya daidai ba ke nan. A sace iskar, a shafa ruwan sabulu, a sake bugawa.

Sa'an nan ya kama ƙafar sama da ƙasa ya girgiza. In ya ji ƙwas-ƙwas, ya ɗaure notin aksul. In ya ɗaure bai daina ba, boris ya mutu, galibi domin ruwan damina da yashi sun wanke giris. Ba a canza guda a bar guda. Lambarsa tana rubuce a jikinsa, kamar 6301, da ita ake saye. Wajen sa sabo, zoben waje ake bugu, ba na ciki ba, kada kuwa a manta da ɗan bututun da ke tsakanin boris biyu; yaran kanti masu gaggawa sun sha barinsa a ƙasa, aikin ya lalace tun ba a yi nisa ba.

Amma inda gwaninta take shi ne wajen gare da sifok. Yawancin ƙananan babura sifok 36 ne a ƙafarsu, rabi na ja dama, rabi na ja hagu, garen yana tsaye ne a kan daidaiton wannan jayayya, tamkar sikelin ɗan kasuwa mai gaskiya. Gwani yakan bi su ɗaya ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana. Mai ɗauri yakan yi ƙara wasai, sakakke kuwa sai ya yi dum. Daga nan ya riƙe alli daf da bakin gare, ya juya ƙafar. Inda allin ya taɓa, nan garen ya karkato. Sai ya sassauta sifok na wannan ɓangare, ya ɗaure na ɗaya ɓangaren, rubu'in murɗi kurum, ya goge alli, ya sake juyawa. Mai garaje da ya murɗe guda ɗaya tamau, ya kori karkata daga nan ya kai ta can, ƙarshenta gare ya koma kamar ƙwai. Littattafan kamfanin Honda sukan yanke iyakar karkata a milimita 2, watau bai kai kaurin ashana biyu ba. In an gama ɗauri a leƙa ciki, kada kan sifok ya zarce ya huda tiyub.

Garen da rami ya lanƙwasa ƙwarai, ɗauri ba ya mai da shi. Haka kuma ƙafar zubi ta baburan zamani, wadda ba ta da sifok: in ta tsage, guduma da wuta ba su ƙara mata kome sai rauni a ɓoye. Sabuwa ake saye, ko da kuɗin ya yi ciwo.

In duk wannan lafiya, rawa ba ta tafi ba, a ja ƙafafun gaba a ji ko boris na wuya ya saki. A baya kuma a duba ma'aunan jan sarƙa, gefe biyu su tsaya a kan zane ɗaya, domin ƙafar da ta zauna a karkace, babur gefe-gefe yake tafiya da ita kamar ƙaguwa.