Sunan Wasa da Yadda Ya Ke Ɗaure Ɗan Wasan Talabijin

Abu ne sananne ga masu bin wasan kwaikwayon Hausa cewa ɗan wasan da ya yi fice a shiri guda, da wuya ya sake samun irin wannan karɓuwa a wani. Galibi a kan ɗora laifin a kan ƙarancin basira ko rashin sa'a. Amma in an duba da kyau, babban dalilin yana cikin harshe, watau cikin al'adar Hausawa ta laƙaba suna da kuma yadda su ke gane mutum ta bakinsa.

Bahaushe ba ya cika kiran mutum da sunan yanka in akwai wani abin da ya fi bayyana shi. A kasuwar Gusau ko Tsafe, ko a ƙauye kamar Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu, sai a shekara ana ciniki da Mai Shayi ko Sarkin Fawa ba a taɓa tambayar sunan da liman ya raɗa masa ba. Laƙabi in ya kama mutum ba ya sakinsa, ko da ya bar sana'ar. To, da talabijin ta zo, wadda aka fara a Kaduna cikin 1962, sai masu kallo su ka ɗauki sunan wasa kamar laƙabin sana'a, su ka manna shi ga mai shi.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Kaduna cikin 2023. Banufe ne, ya yi aikin soja, sa'an nan ya fito a shirin Samanja Mazan Fama cikin shekarun 1970 da 1980. Kalmar samanja ita kanta sunan muƙamin soja ce ta Ingilishi wadda bakin Bahaushe ya sarrafa. Abin da ya sa shirin ya shiga ran jama'a bai tsaya ga kakin soja da tsawa ba. Maganar ce ta kama mutane: Barikanci, Hausar da ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ana yi ana tsalma gurɓataccen Turanci. Mai kallo yana jin jimla guda ya san wa ke magana. Nan ne kuwa tarkon ya ke. Muddin mutum ya yi suna da wata irin magana, ran da ya buɗe baki da daidaitacciyar Hausa a matsayin alƙali ko malami, sai jama'a su zauna suna jiran inda zai ɓarke da Barikanci. In bai yi ba, su ce wasan bai yi armashi ba.

Haka al'amarin Golobo na gidan talabijin na Sakkwato ya ke, a zamanin da Gusau da kewayenta ke cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara cikin 1996. Rabin daɗin barkwancinsa a Hausar yamma ya ke, inda a ke cewa munka da sunka a maimakon muka da suka, hulla a maimakon hula. Mutumin yamma yana jin harshen gidansu, Bakano kuwa yana dariyar abin da bai saba ji ba. Ɗan wasan da abincinsa ke cikin karin harshe irin wannan, ba shi da wurin matsawa, don in ya sauya karin ya zubar da jarinsa.

Wannan ya yi kama da halin 'yan kama na gargajiya, waɗanda kowa ya san abin da za su yi tun kafin su fara, kuma don shi a ke taruwa. Ba a neman ɗan kama ya zo da sabon hali kowace kasuwa.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba ya bukatar dogon bayani. A wancan zamani faifan shiri na gidan talabijin ne, ɗan wasa ladan fitowarsa kaɗai ya ke karɓa. Da tattalin arziki ya tsuke bayan 1986, gidajen gwamnati su ka rage shirya wasanni. Fim ɗin bidiyo kuma, wanda ya soma da Turmin Danya a Kano cikin 1990, ya juya ga soyayya da rawa da waƙa, inda samari ke da kasuwa. Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara na Jos, ya kai tsufa cikin rashin gani da rashin abin hannu, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya taimaka masa da gida, kafin ya rasu cikin 2025.

Wanda ya kuɓuta sosai shi ne Ƙasimu Yero na Zariya, wanda ya rasu cikin 2017. Ya yi wasa da Hausa, ya kuma fito da Ingilishi a matsayin Uncle Gaga cikin Cock Crow at Dawn. Da ya ke masu kallonsa kashi biyu ne, babu sunan wasa guda da ya isa ya binne na yanka. Rabilu Musa Ɗanlasan kuwa, wanda ya rasu cikin 2014, wata dabara ya yi: bai yi faɗa da laƙabin ba, sai ya mai da Ibro tambarin kaya, ya riƙa sa shi a kan sunayen finafinansa. Wannan hanya ta fi sauƙi ga mai barkwanci, don dariya tana jure maimaici fiye da wasan ban tausayi.

Kada a zaci abin na Hausawa ne kaɗai. A Amurka, Leonard Nimoy na shirin Star Trek ya rubuta littafi cikin 1975 yana cewa shi ba Spock ba ne, bayan shekara 20 ya rubuta wani yana amsa sunan. Bambancin shi ne can masu kallo suna riƙe da sunayen biyu, nan kuwa na yanka kan ɓace ɗungum.

Zuwan tashar Arewa24 cikin 2014 ya dawo da dogon shiri mai ci gaba mako mako, ya kuma dawo da matsalar. Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa marubuci ne tun shekarun 1990, shi ya rubuta Rikicin Duniya. Daga 2015 da aka fara Daɗin Kowa, sunan Kamaye ya rufe wannan duka, har masu kallo da yawa ba su san ya taɓa riƙe alƙalami ba.