Jabel da Ruwan Sha a Ƙasar Ingall

Sinadarin kulorin, wanda ake samu a ruwan jabel da ƙwayoyin Aquatabs, shi ne babban makamin kashe ƙwayoyin kwalara da taifod a ruwan sha, amma idan ya tarar da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi, yakan haɗu da su ya haifar da wasu sinadarai da babu su a ruwan tun farko. Johannes Rook ne ya gano haka a Rotterdam ta ƙasar Holan a 1974, kuma daga baya masana sun ƙirga irinsu fiye da 600.

Wasu daga cikinsu suna lahanta ƙwayoyin gado, wato rubutaccen tsarin da ke cikin kusan kowace ƙwayar halittar jiki, wanda idan ya gurɓace ba tare da jiki ya gyara shi ba, yana iya zama mafarin ciwon daji. An ga wannan lahani a gwajin ɗakin bincike, sannan nazari a Turai da Amurka ya danganta shan irin wannan ruwa shekara da shekaru da ɗan ƙaruwar ciwon dajin mafitsara.

Batun ya shafi yankin Ingall na Jamhuriyar Nijar ta fuska biyu. Ƙasa ce mai gishiri, kamar yadda ramukan gishirin Tegidda-n-Tesemt da ke yankin suka shaida, ruwa mai gishiri kuwa yakan ƙunshi buromid, sinadarin da ke sa abin da kulorin ya haifar ya fi illa ga ƙwayoyin gado. Ga kuma taron Cure Salée na watan Satumba, lokacin da Abzinawa da Wodaabe ke sauka da garkunansu, tabkuna su cika da sawun raƙuma da kashin shanu, ruwan jarka ya koma ja wur. Mai tuttula jabel cikin irin wannan ruwa ya yi asara biyu, domin dauɗar tana cinye kulorin kafin ya gama da ƙwayoyin cuta, sannan haɗuwarsu ta haifar da waɗancan sinadarai masu illa.

Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada tsoron waɗannan sinadarai ya sa a bar tsabtace ruwa, kuma gaskiyarta, tun da kwalara tana iya kisa cikin yini guda. Abin da ya dace shi ne a bar ruwa ya kwanta, ko a sa alam ko garin 'ya'yan zogale, a tace shi da kyalle mai tsabta, sannan a jefa ƙwayar Aquatabs daidai da litar da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha.