Bairos: Cutar Da Kafso Ba Ya Kashewa

A duk lokacin hunturu, da zarar mura ta kama gari, sai ka ga shagunan kemis sun cika da masu neman Ampiclox ko Amoxil, har da ma'aikata da malamai masu digiri. Ni a ganina tushen wannan ɗabi'a shi ne rashin bambance bakteriya da bairos, domin a Hausa dukkansu “ƙwayar cuta” muke kiransu.

Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta: tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu ta hayayyafa. Bairos kuwa ɗan ƙunshin bayanan gado ne kawai, na DNA ko RNA, a naɗe cikin kwanson furotin. Ƙanƙantarsa ta kai ko an jera ƙwayoyin shan inna 30,000 a layi, da kyar za su cika milimita ɗaya. Masanin Rasha Dmitri Ivanovsky ne ya fara ganin alamarsa a 1892, lokacin da ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matatar da ke tare bakteriya, amma ruwan ya ci gaba da harbin lafiyayyen ganye.

To, yaya abin da ba ya ci ba ya sha yake haihuwa? Mai karatu ya kwatanta shi da wata takarda da aka saƙa cikin maɗaba'a a ɓoye. Da farko bairos yakan manne a jikin ƙwayar halittar da ta dace da shi, shi ya sa na ƙanjamau ke neman sojojin jini, na shan inna kuma yake farawa daga maƙogwaro da hanji. Daga nan sai ya shige ciki, ya tuɓe kwansonsa, ya miƙa bayanansa. Ita kuma ƙwayar halittar sai ta ajiye aikinta, ta shiga buga masa kwafi da takardarta da tawadarta. Cikin sa'o'i kaɗan dubban sababbin ƙwayoyi sun haɗu, su fasa ta ko su silale su nufi maƙwabta.

A nan ne gizo ke saƙar. Penisilin da danginsa bangon jikin bakteriya suke rusawa, bairos kuwa ba shi da wannan bango. Saboda haka wanda ya sha kafso don mura ya yi asarar kuɗinsa, sannan ya koya wa bakteriyar jikinsa jure magani, ta yadda ranar da taifot ko ciwon huhu ya zo, maganin zai iya gazawa. Akwai magungunan da aka haɗa musamman don wasu bairos, kamar na ƙanjamau, amma sai likita ya rubuta.

Babban makami shi ne rigakafi, wanda ke nuna wa garkuwar jiki kamannin ɓarawo tun kafin ya haura katanga. Da shi aka kawar da agana daga duniya a 1980. Da shi ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016.

Kirana ga masu ilimi, waɗanda dangi ke tuntuɓa kafin su je asibiti, shi ne mu daina aika yaro kemis don mura, mu kuma duba katin rigakafin ’ya’yanmu, musamman allurar ƙyanda.