Gwajin jini da ciwon da ya ƙi tafiya bayan sauya ƙugu

Mutumin Nasarawan Doya da sikila ta cinye masa kan ƙashin ƙugu, in aka sa masa gaɓar ƙarfe a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙashi na Dala, babbar barazanar da ke gabansa ita ce ƙwayoyin cuta su maƙale a jikin ƙarfen. Sau da yawa ba zazzaɓi, ba ruwa a ɗinki, sai ciwo mai naci. Nan gwajin jini ke da rana. Sinadarin CRP, wanda hanta ke fitarwa idan wani wuri ya kumbura, yana kai ƙololuwa kwana 2 zuwa 3 bayan tiyata, ya sauka cikin makonni. ESR kuwa, wato saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini, kan ɗauki watanni. In an daɗe da aiki amma CRP ya haura miligiram 10 a lita, ESR ya wuce milimita 30 a awa, dole likita ya yi zargi.

Wani zai ce ai zazzaɓin cizon sauro ma na ɗaga CRP, ga shi jinin mai sikila kan sa ESR ya yi ƙasa. Haka ne, shi ya sa gwajin ishara ce kawai, kuma maimaita shi ya fi awo ɗaya faɗin gaskiya. Hukunci sai an zuƙo ruwan gaɓar da allura an bincika. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka saya a kemis yana ɓoye cutar, don haka kada a sha kafin a koma wurin likitan da ya yi aikin.