Yadda Jini Ke Daskarewa, da Yadda Jiki Ke Tsare Shi

Jini ruwa ne muddin yana cikin jijiya, amma da zarar ya fito ta bakin rauni sai ya kama daskarewa cikin 'yan mintoci. Wannan aiki hawa uku ne.

Da farko jijiyar da ta yanke takan tsuke, jinin da ke zuba ya ragu. Sa'an nan waɗansu ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ɓargo ke yi, waɗanda ake kira faletilet, su taru a bakin raunin, su manne wa juna, su toshe shi. Tsawon ransu bai wuce kwana 10 ba. Amma toshiyarsu ba ta da ƙarfi, sai an ɗaure ta.

Ɗaurin shi ne hawa na uku. Hanta tana zuba wa jini waɗansu sinadarai da ke yawo a kwance. Rauni ya ta da na farko, shi kuma ya ta da na biyu, haka bi da bi, har furoturombin ya zama turombin. Turombin kuwa shi ke mai da fibirinojin zaruruwa, watau fibirin, su saƙu kamar tarun masunta, su kama jajayen ƙwayoyi, gudan jini ya tabbata. A 1964 Macfarlane a Ingila, da Davie da Ratnoff a Amurka, suka bayyana wannan jeri. Aikin ba ya yiwuwa sai da kalsiyam, hanta kuma ba ta iya kammala furoturombin sai da bitamin K, wanda Henrik Dam na Denmak ya gano a 1929.

To, wutar da ba a yi wa iyaka ba takan ci gari. Saboda haka shimfiɗar cikin lafiyayyar jijiya tana hana faletilet mannewa, antiturombin yana kashe turombin da ya wuce wurin rauni, in kuma ciwo ya warke, falasmin ya narkar da zaruruwan.

Idan ma'aunin ya karkata gefe guda, gudan jini kan toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, a sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Idan ya karkata ɗaya gefen, jini ya ƙi tsayawa, kamar a cutar himofiliya da ake gada, wadda Leopold ɗan Sarauniya Biktoriya ya yi fama da ita har mutuwarsa a 1884.

Sarar kububuwa, wadda ta yi yawa wajen Kaltungo, ta haɗa gefen biyu. Dafinta yana ta da furoturombin ba kan gado, har fibirinojin ya ƙare, jini ya yi ta zuba ta dasashi da tsofaffin miyaku. Don haka likita kan zuba jinin wanda aka sara cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, ya jira minti 20. In bai daskare ba, lalle dafi ya shiga jini, sai a gaggauta allurar maganinsa, gama ita ke karya dafin, hanta ta sami damar mayar da abin da ya ƙare.